Kwana Ukun da Muke Zubarwa

Mu mutanen Bagudo Allah ya yi mu da iya lissafin lokaci, wannan kam ko maƙiyi ya shaida. Ka tayar da yaron Tsamiya daga barci ka tambaye shi nawa jakar sefa take yau, zai faɗa maka ido a rufe, har ya ƙara maka da yadda ta kwana jiya a Segbana. Masuncin Lolo ya san iya lokacin da kifi zai yi a kwando kafin ƙuda su fara yi masa sallama, mai albasa ya san ranar da buhu zai fara zufa, manomin shinkafa a fadamar Kwara kuwa da ya dubi launin ruwa ya san ko kwana nawa ya rage masa ya kwashe abin da Allah ya ba shi. Kwana uku ma mun san shi ciki da bai. Baƙo kwana uku ne, sadakar mamaci ta fari ran uku ce, kuma tun muna yara aka hore mu kada gaba da ɗan'uwa ta wuce kwana uku. Sai ga wasu kwana ukun da suka fi buhun albasa tsada, su kuma mun ƙware wajen zubar da su kamar ruwan wanke shinkafa.

Tunda mu-ya-mu ne, bari a faɗa. Akwai daren da mutum ke kwana inda bai kamata ba. Mota ta maƙale a bakin iyaka ana jiran takarda, kwana ɗaya ya zama huɗu, aljihu da ɗan nauyi, gida da nisa, shaiɗan kuma ba ya neman biza. Akwai wanda ya yi dabara ya sa kwaroron roba, robar ta fashe. Akwai baiwar Allah da ke ɗakinta ba ta taka ko'ina ba, sai dai ta tsinci wani kwalin magani a aljihun maigida, gabanta ya faɗi. Akwai ma'aikaciyar asibiti da allurar mara lafiya ta soke ta. Akwai kuma yarinya mai talla da wani azzalumi ya ja ta kango, wadda ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra, amma mu manya muka fi damuwa da kada maƙwabta su ji fiye da a kai ta asibiti. Duk waɗannan agogo ɗaya ne ya fara buga musu, kuma yawancinmu ba mu ma san yana bugawa ba.

Ga yadda muke yi da rana ta farko. Wanka. Wanka kamar za a saɓule fata, da sabulun salo, da Dettol, da ruwan gishiri, wani har da lemun tsami, yana cije baki yana cewa zafin nan shi ne alamar yana aiki. Daga nan sai alwala da istigfari, kuma wannan daidai ne, Allah ya karɓa, domin tuba ba ta da madadi. Sai dai tuba da neman magani ba kishiyoyi ba ne, gida ɗaya suke zaune lafiya. Rana ta biyu sai kemis. Ba kemis ɗin unguwarmu ba, a'a, wancan na bayan tasha inda yaron shagon bai san babanmu ba. A jingina da kanta, a yi ƙasa da murya, a ce, “Ɗan samari, ba ni na wanke jini. Ba nawa ba na, na wani abokina na.” Kowa a garin nan yana da wannan abokin, bawan Allah, shi ke ɗauke mana duk ciwon da muke jin kunya. Yaro ya ƙirgo ja-da-yalo guda huɗu da Ampiclox guda biyu ya ƙulle a leda, a haɗiye da ruwan sanyi, a ji zuciya ta ɗan kwanta. Rana ta uku in ta dace da ci kasuwa, sai a tsaya nesa kaɗan da motar mai lasifika, ana yi kamar ana taya buhun masara, kunne kuwa yana can inda ake jero sanyi da basir da dattin mara da raunin mazakuta, duk a gora ɗaya. A aiki yaro ya sayo. Ran huɗu a tashi da ɗacin baki da gudawa, a ce alhamdulillahi, dattin ya fita.

Alhali a cikin waɗannan kwana ukun, awa 72 cif, akwai maganin da ke iya tare ƙwayar cutar kanjamau kafin ta zauna a jiki. Ma'aikatan lafiya PEP suke ce masa, wato kariyar gaggawa bayan an yi mu'amala mai haɗari. Mu da muka san harkar iyaka ba sai an wahalar da mu da bayani ba. Kaya in suna bakin ruwa ana iya tare su, amma in suka shiga gari aka rarraba su ɗaki-ɗaki, sai dai labari. Haka ƙwayar take. In ta shiga, tana buƙatar ɗan lokaci kafin ta kama ƙwayoyin garkuwar jiki ta fara hayayyafa ta bazu, kuma maganin nan hana ta hayayyafar yake yi. Shi ya sa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe: wanda ya fara sha a ranar farko ya fi wanda ya kai ta uku, wanda ya wuce awa 72 kuwa ƙofar nan ta rufe masa. In ka je, za a fara gwada jininka a tabbatar ba ka ɗauke da ita tun da can, sannan a ba ka ƙwaya ɗaya kullum har kwana 28, ba tsallake, ba rabawa da aboki, ba ajiye saura don gaba kamar yadda muke yi wa maganin zazzaɓi. Ana samun sa a asibitocin da ke ba da maganin kanjamau, irin manyan asibitocin gwamnati, har zuwa asibitin tarayya da na Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Wadda aka yi wa fyaɗe kuma, ban da wannan, akwai maganin sauran cututtuka da na hana ɗaukar ciki na gaggawa da za a ba ta, shi ma yana da nasa wa'adin na kwana biyar. Wallahi duk daren da iyaye suka kwana suna shawarar yadda za a rufa asiri, daga cikin rabon yarinyar nan suke yanka.

Amma ta yaya za mu nemi maganin abin da ko sunansa ba ma iya kamawa? Mu fa ba ma cewa kanjamau sai dai a rediyo. A majalisa sai ka ji “ciwon nan”, “ciwon zamani”, “abin nan dai da ka sani”, tsofaffin cikinmu kuma har yanzu suna riƙe da sunan da aka laƙaba masa lokacin da babu magani, wai kabari salamu alaikum. 'Yan'uwanmu na ƙetare, daga Madekali har Kandi, Sida suke cewa. Mu mun haƙiƙance daga wajensu take hayowa, su ma in ka zauna da su ka sha shayi za ka ji sun haƙiƙance daga Najeriya take gangarowa. Laifi tudu ne. Gwamnati ta rufe iyaka daga watan Agustan 2019 har Disambar 2020, shin zumunci ya tsaya? Aure ya tsaya? Kwale-kwale ya daina ƙetare Kwara, ko babur ya manta hanyar daji? Dandawa da Zabarmawa da Busawa da Kyangawa da Fulani da Hausawa, kaka ɗaya ke gare mu a gefe biyu, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

To in Allah ya taimake mu muka yanke shawarar gwaji, nan ma muna da salonmu. Asibitin garinmu? Ina! Mai ɗaukar jinin ƙanin matar yayana ne, mai ba da kati kuma tare muke sahu a masallaci. Sai mutumin Ka'oje ya hau mota ya nufi Birnin Kebbi, na Illo ya ƙetare ya tafi Malanbil, na Zagga ya ce zai je Sakkwato duba wani ɗan'uwa, ya kashe kuɗin mota da ya isa buhun gero. Can a layin asibitin kuma wa zai gani zaune a benci yana rufe fuska da hula? Maƙwabcinsa na jikin katanga, wanda shi ma ya gudo don kada a gan shi. A gaisa, a tambayi mutan gida, kowa ya ce haƙori ke damun sa. Ni ban ga laifin mai tafiya nesa ba in hakan ne zai sa ya yi gwajin, gara a je Kandi da a zauna. Abin da ke ci mini rai shi ne nisan yana cinye awoyin nan 72, kuma wanda ya karɓi magani a nesa yakan gaji da zirga-zirga ya daina komawa. Tsoron namu kuma ba daga sama ya faɗo ba, mun san bakinmu, mun san yadda zance ke tashi daga bakin rijiya ya riga mai shi isa gida. Amma akwai doka tun 2014 da ta haramta a tona sakamakon mutum ba da yardarsa ba, ko a kore shi daga aiki ko makaranta saboda yana ɗauke da cutar. Yanzu ma har akwai abin gwajin da mutum zai goga a dasashinsa shi kaɗai a ɗaki, ya jira minti 20 ya ga layi, in ya nuna alama sai ya je asibiti a tabbatar, domin shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Sai kuma babban asibitinmu na gado, wato ido. Mu da ido muke gwaji. In mace ta cika ta yi ɓulɓul, kumatu na sheƙi, sai mu ce wannan lafiyayya ce, ko kaffara ba sai an yi ba. In mutum ya rame, ko da ciwon suga ne ko tarin fuka ko bashi ya sa shi gaba, sai a fara janye kwanon sha, a bar masa buta shi kaɗai. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan kam bai sani ba. Mutum na iya ɗaukar ƙwayar nan shekara da shekaru yana dako, yana noma, yana ƙiba, bai sani ba, ba a sani ba. Kuma ba a ɗaukarta a kwanon tuwo, ko musafaha, ko buta, ko cizon sauro, da sauro na rabawa da babu wanda zai rage a bakin Kwara. Hanyoyinta sanannu ne: saduwa, da jini, da uwa zuwa jariri. Mu da muke ƙyamar kofin mara lafiya, mu ne za mu miƙa wa wanzami ƙeya ya yi mana ƙaho da askar da ya gama yi wa mutum biyar, mu miƙa wa mai yankan farce yatsu a tasha ba mu tambayi inda almakashin ya kwana ba, mu bar mai allurar gida-gida ya soka mana abin da ya fito da shi daga aljihu.

Masu ɗan ilimin cikinmu kuma nasu kuskuren daban ne, kuma na fi jin tausayinsu don sun yi niyya mai kyau. Abu ya faru daren Talata, Laraba da sassafe suna layin gwaji, a ce babu, su fito suna washe baki, har da sadaka. Ɗan'uwa, wa ya taɓa shuka shinkafa yau ya je yanka gobe? Gwajin nan na ɗiga jini daga yatsa ba ƙwayar yake gani ba, martanin da jiki ya mayar yake nema, jiki kuwa yakan ɗauki makonni, wani har wata uku, kafin martanin ya fito sosai. Sakamakon safiyar Laraba labarin watannin baya yake ba ka, bai san komai game da daren jiya ba. Saboda haka ake cewa a dawo bayan kamar mako shida, a kuma dawo a wata uku, sannan a saki jiki. A tsakanin nan kuma sai a kiyaye iyali, ko da kwaroron roba ko da haƙuri. Nan ne ake gane namiji, domin cewa uwargida “mu ɗan dakata” ya fi ɗaukar buhu biyu nauyi.

Tunda an zo maganar iyali, bari mu taɓo sanyi, sarkin cututtukanmu. Komai a wurinmu sanyi ne. Fitsari na zafi, sanyi. Farin ruwa na fita, sanyi. Ƙurji ya fito, sanyi. Kuma kullum masai ne mai laifi, ko zama a kan dutse mai raɓa, ko tsallake fitsarin wani. Masai dai ba ya da baki balle ya kare kansa. Gaskiyar ita ce ciwon sanyin da ke sa namiji fitsari kamar barkono da mugunya bayan 'yan kwanaki, ta saduwa ake ɗaukarsa, kuma mace takan ɗauke shi ba tare da ta ji komai ba, yana can yana toshe mata hanyar haihuwa a hankali. Shekara uku ba ciki, sai dangin miji su fara gunaguni, a kai ta wurin mai rubutu, a ce iska ce, a ƙarshe a yi mata kishiya, ita ma kishiyar a ba ta nata kason. In an haihu ma ciwon na iya kama idon jariri. Tunjere kuwa ya fi wayo: ƙurji ɗaya zai fito mara zafi bayan kamar mako uku, ya warke da kansa, mai gora ya karɓi godiya, cutar kuma ta nutse cikin jini, sai bayan shekaru ta taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa, ko ta riƙa kashe 'ya'ya a ciki ana cewa wabi ne. Alhali allurar fenisilin ke kashe ta, kuma gwajinta na cikin abin da ake yi wa mai ciki a wurin awo, in mun bar ta ta je awon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, duk wani gyambo ko kumburi a al'aura ƙofa ce buɗe ga kanjamau.

Su kuma ja-da-yalon da muke haɗiya biyu yau ɗaya gobe, horar da ƙwayar cutar suke yi. Ciwon sanyi ya riga ya gagari magunguna da dama da suke kashe shi a zamanin iyayenmu, har ta kai yanzu allura ce ake yi masa a asibiti, a haɗa da ƙwayoyin da za su kashe abokiyar tafiyarsa da ke yawan rakiyar sa a ɓoye. Kuma a gidan da ke da ɗaki uku, magani na mutum huɗu ne, a lokaci ɗaya. In maigida ya sha shi kaɗai a ɓoye, ya warke ran Litinin, ran Alhamis zai karɓo abinsa a ɗakin amarya, an gudu ba a tsira ba. Na san faɗar wannan magana a tsakar gida ba wasa ba ce. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma matanmu sun fi mu sanin abin da ke faruwa, shiru kawai suke yi don girmanmu.

Wani zai ce ai mu nan abin da sauƙi. Da sauƙi kam, alhamdulillahi. Babban binciken da aka yi gida-gida a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar kanjamau, kimanin mutum miliyan 1.9 in an haɗa kowa da kowa, yankinmu na Arewa maso Yamma kuma kashi 0.6. Sai dai kashi 0.6 mutum shida ne a cikin dubu, kuma dubu nawa ke cin kasuwar Tsamiya rana ɗaya? Wannan binciken dai ya gano ciwon hanta nau'in B a jikin kusan mutum takwas cikin ɗari na manya, shi ma ta jini da saduwa da haihuwa yake bi, ya ma fi kanjamau saurin kamu, ga shi yana da allurar rigakafi, amma mu shawara muke ce masa mu jiƙa saiwa. Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, kanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Mu ma nan iyaye da limamai da yawa sun fara tambayar takarda, kuma abin a yaba ne. Sai dai mukan tsananta wa budurwa da saurayi, mu kau da kai in Alhaji ne zai ƙara ta uku, ko bazawara da bazawari za su ɗaura bayan isha'i, wai su manya ne, an san su.

In kuma gwaji ya nuna akwai kanjamau, to ba a yi sallama da kabari ba. Tun 2006 gwamnatin tarayya ta mayar da maganin kyauta a asibitocinta, yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana ga yawancin mutane. Wanda ya riƙe ta da gaskiya, cikin kamar wata shida ƙwayar cutar kan ragu a jininsa har na'ura ta kasa ƙirga ta, kuma muddin ya tsaya a haka ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa. Mai ciki da ke shan magani takan haifi ɗanta lafiya lau: in ba magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari kan ɗauka, da magani kuwa ba su kai biyar ba. Akwai su a cikinmu, suna noma, suna kai kaya Paraku da Kwatano, suna aurar da 'ya'ya. Sai dai wasu kan juye ƙwayoyin a robar maganin ciwon kai don kada a gane, wasu da sun ji ƙarfi sai su ajiye, wasu kuma wani mai baki ya ce musu ya wanke su da rubutu ko saiwa, su zubar da maganin, bayan shekara a ɗauko su a kwance. Addu'a muna yi, ba ma fasawa, amma har yau maganin nan danne cutar yake yi, ba a ajiye shi.

Kwanan baya na yi irin wannan surutun a majalisar mai shayi bayan magariba, aka yi ta dariyar abokin nan namu na kemis, kowa na nuna na kusa da shi. Da aka watse na tsaya ɗaure takalmi, sai wani ɗan ƙanena mai kabu-kabu, wanda tun da aka fara hirar bai ce uffan ba, shayinsa ma ya huce a kofi, ya dawo kamar ya manta makulli. Ya durƙusa kusa da ni ya ce, “Kawu, awa nawa kac ce?” Na ce 72. Ya dubi ƙasa yana lanƙwasa yatsu, ya kai wani wuri ya tsaya, ya sake farawa daga farko. Ya ce, “Wani abokina na, Kawu.” Na ce na sani, ɗana, shekaranjiya da dare ko jiya? Ya ce jiya. Na ce to tayar da babur, akwai masu kwana a asibiti, in ba su da shi za su faɗa mana inda za mu dosa da asuba. Ya buga sau biyu bai tashi ba, ƙafarsa na rawa. A na uku ya kama, na tattare rigata na hau baya.